Neman shawara: ɗalibata ta ce tunda dabbobi na rayuwa a Chernobyl to ƙarya ake mana

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, musamman wajen malaman kimiyya da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Ni malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata, SS2 nake ɗauka, wannan zangon muna kan gurɓatar muhalli. Ranar Talata na kawo musu misalin Chernobyl, tashar nukiliyar nan ta Yukren da ta fashe ranar 26 ga Afrilu 1986 zamanin Tarayyar Sobiyet, na ce musu an kwashe mutane sama da dubu 100 daga kewayen kilomita 30 kuma har yau ba a yarda a koma da zama ba. Ban rufe baki ba wata yarinya, cikin masu ƙoƙarin ajin ce ma, ta ɗaga hannu ta ce Malama ai ita ta gani a wayar yayanta wajen ya cika da kyarketai da dawakan daji da bareyi suna yawo har cikin gidajen da aka bari kuma ga su ɓul-ɓul, to in gubar gaskiya ce me ya hana ta kashe su, ko dai Turawa ne suka zuzuta abin. Nan take ajin ya ɗauka, na ce su bari sai Litinin.

Na je na kalli bidiyon da kaina, ba haɗi ba ne, dabbobin suna nan. Ba na so in ƙaryata yarinya alhali gaskiya ta gani, kuma wallahi ba na so yara kusan 60 su tashi da tunanin wannan guba wasa ce. Minti 40 gare ni. Ta ina zan fara?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Malama. Ki fara da yaba mata, tambayar tana da kyau sosai. Sannan ki nuna musu sinadaran gubar da suka fito daga tashar ba kala ɗaya ba ne, kowanne da tsawon ransa. Ayodin-131 duk kwana 8 ƙarfinsa ke raguwa da rabi, kafin wata uku ya zama tarihi. Siziyom-137 kuwa shekara 30 yake ɗauka kafin ya ragu da rabi, kin ga a 2016 ne ya koma rabi, sai 2046 zai koma rubu'i. Fulutoniyom-239 shi lissafinsa shekara dubu 24 ne. Ki je da wake ƙwaya 64 a faranti ki sa su dinga kwashe rabi, kowace kwasa shekara 30, da kansu za su ga wake na raguwa amma ya ƙi ƙarewa.

Kuma dabbobin bidiyon ba su ne na 1986 ba fa. A shekarar farko dajin da ke dab da tashar bishiyoyinsa ja suka koma suka bushe a tsaye, shi ya sa har yau Jan Daji ake ce masa, buldoza aka sa aka ture su aka binne. Ƙananan dabbobi da ƙwarin cikin ƙasa sun mutu da yawa a wuraren da abin ya fi sauka. Ba wanda ya ɗauki wannan a waya.

Likitan Dabbobi:
Malama ni ta ɓangarena zan taya ki. Ki tambaye su ko sun taɓa ganin kufai. Duk wacce ta taɓa zuwa ƙauye ta san in mutane suka tashi daga wuri, damina biyu ta isa ciyawa ta rufe tsakar gida, zomo da kurege da maciji su tare, ba wai don wurin ya ƙara kyau ba, don mai garma da mai gatari da mai tarko sun tafi ne. To Chernobyl kufai ne babba, ɓangaren Yukren kaɗai ya kai murabba'in kilomita 2,600, ga na Belarus kuma. Ba noma, ba farauta, ba motoci.

A 2015 an fitar da wani bincike na ƙidayar dabbobi a ɓangaren Belarus, aka samu bareyi da aladun daji yawansu kusan ɗaya da na gandun dajin da guba ba ta taɓa ba, kyarketai kuwa sun ninka har sau 7, kuma masu binciken da bakinsu suka ce wannan ba ya nufin gubar na amfanar dabba, abin da ya nuna shi ne zaman mutum ya fi ta yi musu ɓarna. Dawakan da ta gani su kawo su ma aka yi a 1998, irin na Mongoliya ne da suka kusa ƙarewa a duniya.

Amma ga inda nake so ki tsaya sosai, yawa daban lafiya daban. Mu da ke duba garke mun sani, za ka ga shanu 100 suna kiwo daga nesa gwanin sha'awa, sai ka matso ka buɗe baki ka duba ido ka ga rabi da ciwo. Kyarkeci in ya kamu ba mai kai shi asibiti, mutuwa zai yi a dawa wani ya maye gurbinsa, ƙidaya ba za ta nuna ba, kuma yawancinsu ba sa daɗewa a duniya har irin ciwon da ke ɗaukar shekara 20 kafin ya bayyana ya cim musu. Akwai masana biyu, Mousseau da Møller, da suka daɗe suna kama tsuntsaye a can, sun ce sun ga tsattsewa masu fararen tabo a gashi, da yana a ido, da ƙarancin gizo-gizo da ƙwari inda gubar ta fi yawa. Wasu masanan sun soki yadda suka yi awonsu, gardamar tana nan har yau, kar ki ɓoye wa yaran wannan, su san masana ma suna saɓani.

Maman Hanan:
Likita Allah ya saka da alheri, maganar kufan nan ta shige ni, rabin ajin 'yan ƙauye ne za su gane nan take.

Anti Nas:
Malama ni ina roƙonki kar dabbobi su cinye miki minti 40 ɗin, ki bar wa yara ko 15 ne. 'Yan mata kike koyarwa, iyayen gobe. Abin da ya fi ci min rai a labarin nan madara ce. Ayodin ɗin da Abu Safwan ya ce yana saurin mutuwa, kafin ya mutu ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, aka tatsa aka ba yara, ya je ya taru a ƙwayar nan ta wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Zuwa 2005 an samu sama da mutum 6,000 da kansar wannan wuri cikin waɗanda suke yara lokacin, a Belarus da Yukren da Rasha. Akasari an yi musu aiki sun rayu amma da tabo a wuya da shan magani har ƙarshen rai. Kuma abin da zai hana ba wani abu mai tsada ba ne, a fito a ce kar a sha madarar yankin na 'yan makonni, a raba maganin ayodin marar guba da ke hana mai gubar taruwa a wuya. Foland ta raba wa miliyoyin yaranta cikin kwanaki.

Su kuwa hukumomin Sobiyet rufa-rufa suka yi. Mutanen garin Pripyat kusan dubu 49, kilomita 3 daga tashar, sai bayan kamar awa 36 aka kwashe su, yara sun je makaranta ranar da ta fashe, aka ce su ɗauki kayan kwana uku za su dawo. Duniya ba ta sani ba sai da na'urar wata tasha a Suwidin ta yi ƙara ranar 28 ga Afrilu, aka yi faretin 1 ga Mayu a Kiev da yara a titi, shugaban Sobiyet Gorbachev bai yi wa jama'a jawabi ba sai 14 ga Mayu. In kina so su ji abin a jikinsu ki tuna musu gubar dalma ta Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu don ana niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida ba wanda ya san ƙurar guba ce, kuma ƙauyen Bagega sai 2013 aka samu kuɗin share ta. Dalma ba nukiliya ba ce amma duk yara ne suka fara biya.

Ɗan Arlit:
Malama sannu da ƙoƙari. Ni dai in kin yarda ki hwaɗa ma ɗiyan nan basai sun tai Yukren ba. Nan Arlit ta Nijar tun 1971 ake haƙar yuraniyom, makamashin tashoshin nukiliya, ramin garin Akokan da ke kusa da mu an ruhe shi a watan Maris 2021, an bar tarin dusar ma'adini da aka ƙiyasta tan miliyan 20 dab da gari, iskan hamada na bugun ta. A 2009 'yan ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace sun zo da na'ura sun auna kan titin Akokan sun samu wurin da awo ya ninka na al'ada sau ɗaruruwa, sun samu ƙarahuna masu guba a kasuwa. Mu mun tashi muna ganin ana sayen ƙarhen da ya hito daga wajen aiki ana ruhin ɗaki da shi, ba wanda ya ce muna komi. Bambancinmu da su, su an kwashe su, mu muna ciki da awakinmu da raƙumanmu. Wanga abu ba shi da wari ba shi da launi, akuya na kiwo kusa da shi lahiya lau a ido, shi ya sa tambayar ɗiyar nan ban yi mamakinta ba, manya ma haka suke cewa nan.

Injiniya Baban Amir:
Ni ina da ɗan ja kaɗan. Duk abin da aka faɗa gaskiya ne amma ina tsoron yara su fita aji suna ganin nukiliya aljani ce. Tukunyar Chernobyl, wato injin nukiliyar da ya fashe, ƙirarta ce da aibi, ba ta da katafaren rufin kankare irin na sauran ƙasashe, kuma gwaji ake yi cikin dare an kashe wasu na'urorin kariya. Wannan siziyom da danginsa da su ake gasa kansa a asibiti, a Zariya ma akwai ƙaramar tukunyar bincike a jami'a tun 2004 tana aiki. Faransa mafi yawan wutarta daga nukiliya ne, mu muna nan muna shaƙar hayaƙin janareta yana kashe iyali guda a dare ɗaya. Cikin yaran nan wata ce za ta karanci fannin gobe, kar a kashe mata gwiwa.

Ɗan Arlit:
Injiniya wutar Faransa da ka ambata wani kaso nata daga ƙasarmu ya hito, mu kuma dusar aka bar muna. Ban ce a tsorata ɗiya ba, a hwaɗa musu wa ke ɗaukar wuta wa ke ɗaukar toka.

Injiniya Baban Amir:
Wannan kam ba ni da ja Malam, gaskiyarka. A faɗa musu duka biyun.

Alhaji Mai Sikeli:
Malama ni ba ɗan boko ba ne sosai, sana'ata gwangwan, shekara 20 ina sayen ƙarfe wajen yaran jari bola. Wani ma'aikacin asibiti ne ya ba ni labarin da ya sa na canza yadda nake karɓar kaya, na je na bincika na tarar haka ne. A Goiania ta ƙasar Burazil a 1987 wasu mutum biyu suka shiga wani asibiti da aka tashi aka bari, suka ciro kan injin gashin kansa suka sayar wa irina, da aka fasa aka ga wani gari yana haske shuɗi cikin duhu, mai shagon ya kai gida yana nuna wa 'yan uwa ana shafawa a jiki don sha'awa. Mutum 4 suka rasu har da yarinya 'yar shekara 6 da matar mai shagon, aka auna mutum dubu 112, aka rushe gidaje. Siziyom ɗin nan ne dai da ake magana. Don girman Allah ki zana musu alamar a allo, ganye uku kamar fanka baƙi a kan ruwan ɗorawa, ki ce duk ƙarfen da suka gan ta a jiki, ko wani ɗan gwangwani da nauyinsa ya wuce girmansa, kar a fasa kar a kai gida, a nisance shi a sanar da hukuma. Da yawansu ƙannensu ne ke yawo da buhu a bola.

Maman Hanan:
'Yan uwa na dawo da rahoto, Allah ya biya kowa. Na yi darasin yau, na fara da kufai na bi da wake, na rufe da madara da alamar Alhaji, minti 40 bai isa ba sai da na roƙi malamin lissafi ya ba ni 10 cikin nasa. Maganar Arlit ta girgiza su don akwai biyu da iyayensu ke fatauci Agadas, ba su taɓa ji ba. Ita mai tambayar da aka zo kan yawa daban lafiya daban shiru ta yi tana rubutu, da aka tashi ta biyo ni har ofis ta ce to Malama an ce akwai tsofaffin mata da suka koma ƙauyukansu cikin yankin suna noma suna ci har suka tsufa, su kuma fa? Na duba, gaskiya ne akwai su, na ce mata Alhamis. Anti Nas da Abu Safwan don Allah kar ku yi nisa, wannan ma sai kun taya ni.