Ɗan shekara biyu da rabi: aji ko tsakar gida?

Auta: Assalamu alaikum. Shawara nake nema a kan yarona. Wata mai zuwa zai cika shekara biyu da rabi, babansa kuma yana so a kai shi nazare da an dawo hutu. Ana shiga bakwai da rabi, a tashi ɗaya da rabi. Na je na ga wurin. Gida ne aka mayar da ɗakunansa azuzuwa, tsakar gidan an rufe shi da kwano, nan janareta yake. Ajinsu yara sun fi talatin, malama ɗaya da mai raino ɗaya. Na tarar an riƙe hannun wata yarinya ana bin ɗigo-ɗigo da fensir, ita kuwa sai gyangyaɗi take. Hankalina bai kwanta ba.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ki bari a kai shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana sun riga sun tabbatar a shekarun farko ƙwaƙwalwa take ginuwa, kuma wanda aka sa makaranta da wuri ya yi wa sauran nisa ke nan. Tuwon ƙasa ba ya kai yaro jami'a.

Anti Malama: Yaya, na yarda a shekarun farko ƙwaƙwalwa take ginuwa. Zancen nisan ne ban yarda da shi ba. A jihar Tennessee ta Amurka, masu bincike na Jami'ar Vanderbilt sun bi yara kusan 3,000 'ya'yan marasa ƙarfi. Gurbin nazaren gwamnati bai ishi kowa ba, sai aka yi ƙuri'a, wasu suka samu, wasu suka rasa. Da farko waɗanda suka shiga sun fi sanin baƙaƙe da ƙirga. Cikin shekara guda sauran suka kamo su. Sakamakon da aka fitar a 2022 ya nuna zuwa aji shida waɗanda suka yi nazaren ne a baya a karatu da lissafi, kuma su aka fi hukuntawa kan rashin ji. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da aji ɗaya. Yaro zai zo min yana rera ɗaya zuwa ɗari kamar waƙa, in zube masa marafan kwalba bakwai in ce ya raba wa mutum biyu, sai ya tsaya yana kallona.

Yaya Babba: Kin ɗauko wanda ya yi miki daɗi. Ina kika bar binciken nazaren Perry? A garin Ypsilanti na jihar Michigan, daga 1962, yara 123 aka bi har suka girma. Waɗanda suka yi nazaren sun fi gama sakandare, sun fi samun kuɗi, kuma ba su kai sauran shiga hannun 'yan sanda ba. A Boston ma da aka bi yaran ƙuri'a, 'yan nazare sun fi shiga jami'a.

Anti Malama: Madalla da ka kawo shi. Yaran Perry 'yan shekara uku da huɗu ne. Awa biyu da rabi suke yi da safe, ba shida ba. Malama ɗaya na kula da yara biyar ko shida, kuma duk mako tana zuwa gida ta zauna da uwar yaron. Yaran da kansu suke zaɓar abin da za su yi, su yi, sannan su zo su ba da labarinsa. Yaya, ka sake karanta abin da Auta ta gani, ka gaya min ta ina suka yi kama.

Kawu: Ku tsaya. Duk kuna ta Amurka, ni ina tunanin layinmu. Wajen da ake cewa yaro ya fita, wane waje? Kwata a buɗe, 'yan adaidaita sahu suna gudu a lungu kamar a titi, ga tsoron masu satar yara. Filin da muka buga ƙwallo muna yara yanzu shaguna ne. Aji ko ba komai akwai ƙofa da maigadi.

Goggo: An karanta min saƙonninku, na ce a rubuta min nawa. Ni na raini yawancinku. Kai Babba, sai da ka kai hannu ta kan ka ka taɓa kunnenka kafin a ɗauke ka firamare, kuma kai ne ka yi ta ɗauko na ɗaya. Kafin nan me kake yi? Motar kara. Ka wuni kana fere kara, ka yanka tsohon silifa ka yi tayoyi, idan ɗaya ta fi ɗaya girma motar ta karkace, ka warware ka sake. Ba wanda ya riƙe maka hannu. 'Yan matan kuma carafke da 'yar gala-gala. A carafke yarinya take koyon ƙirga da jiran layinta, idan ta yi maguɗi a ƙi wasa da ita gobe, dole ta dawo ta ba da haƙuri. Jikokin da ake kawo min yanzu, an karɓi abu a hannunsu sai birgima, ba su san yadda ake shiryawa da ɗan'uwa ba sai babba ya shiga.

Yaya Babba: Allah ya ƙara lafiya, Goggo. Amma lokacinmu ba a yi wa ɗan shekara biyar jarrabawar shiga aji ɗaya ba. Yanzu makarantun kuɗi suna yi. Yaron da bai iya rubuta sunansa ba sai a mayar da shi baya, ya zauna da ƙannensa.

Dakta: Bari in sa baki ta ɓangaren da nake aiki, wato ido. Akwai matsalar da yaro ke ganin abu na kusa amma allo ya yi masa dishi-dishi, saboda ƙwayar idon ta yi tsawo fiye da kima. A 2008 an kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara shida da bakwai a birane biyu. A Singafo kashi 29 cikin ɗari suna da matsalar, a Sidni ta Ostareliya kashi 3. Na Sidni ma sun fi yawan karanta littafi. Bambancin da ya fito fili shi ne suna yin kusan awa 14 a waje a mako, na Singafo awa 3. Daga baya aka gwada abin a birnin Guangzhou na ƙasar Sin: wasu makarantun firamare aka ƙara musu minti 40 a waje kullum, wasu aka bar su yadda suke. Bayan shekara uku, kashi 30 ne suka kamu a rukunin farko, kusan kashi 40 a na biyun. Taiwan kuwa a 2010 ta fara ƙarfafa wa makarantu gwiwa su riƙa fitar da yara minti 120 a rana. Masana suna ganin hasken rana ne ke sa ido ya fitar da sinadarin dofamin, shi kuma ya rage wa ƙwayar idon saurin tsawo. Kawu, ba sai an je titi ba, kuma ba sai an tsaya cikin rana ba. Inuwar darbejiya ta fi aji mai ƙwan lantarki haske nesa ba kusa ba. Abin da ya tsaya min a rai a labarin Auta shi ne kwanon da aka rufe tsakar gidan da shi.

Kawu: To na ji wannan. Amma a gida wa zai kula da shi? Uwar tana aiki. Kar a ce an hana shi aji, a ƙare da miƙa masa waya tun safe.

Anti Malama: Kawu, Allah ya ja kwana, nan ka taɓo inda yake min ciwo. Idan waya ce za ta raine shi, gara ajin. Barin yaro haka kawai ba shi nake karewa ba. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da rashin abinci ya tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya take zuwa gidansu awa ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa da robobi da ƙyallaye, ta riƙa yi masa magana, tana faɗa masa sunan abubuwa, tana yaba masa. Amfanin madarar bai ɗore ba. Amma bayan shekara ashirin, waɗanda aka yi wa wasan suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kashi 25 cikin ɗari. Wannan aiki ne da Goggo ta iya tun kafin a haife mu.

Yaya Babba: Ban sauka daga maganata ba, dole yaro ya shiga aji ɗaya da shirinsa. Amma na yarda wannan makarantar ba ita ba ce. Idan ya cika huɗu a nemo mai fili, wadda ake tashi sha biyu, ni zan biya zangon farko. Fiye da huɗu kuwa ban amince ba.

Auta: Na gode ƙwarai. Zan nuna wa babansa duka yau da daddare. Goggo, idan ya yarda, zan iya riƙa ajiye miki shi da safe in ɗauke shi bayan azahar?

Goggo: Ki kawo shi tun ranar Litinin, jikokin maƙwabta uku ma nan suke wuni. Ki sa masa tsofaffin kaya, ki bar wayar a jakarki. Kai kuma Babba, yashin da ya rage na gini a gindin mangwaro, ka ce wa yaranka kada su kwashe.