Lamba daidai, kira ya ƙi shiga: me kuka fi gani?

Mai gyaran waya: Assalamu alaikum. Ƙorafin da ba ya ƙarewa shi ne an ba mutum lambar ƙasar waje, ya buga ta yadda aka rubuta masa, kira ya ƙi shiga, WhatsApp ma bai nuna mai lambar ba. Masu aiki da layuka, ku faɗi abin da kuka fi cin karo da shi.

Injiniyan sadarwa: Wa alaikumus salam. Galibi sifilin farko ne. Wannan sifilin ba ya cikin ainihin lambar, alama ce kawai ga na'urar kamfani cewa kiran cikin gida ne. Da zarar an sa lambar ƙasa, sai a cire shi. Lambar Landan tana farawa da 020, amma daga waje +44 20 za a buga. A Faransa 06 ta koma +33 6, a Najeriya 0803 ta koma +234 803. A ƙa'idar tsara lambobin waya mai suna E.164 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, lambar ƙasa alƙalami 1 zuwa 3 ce, kuma gaba ɗaya lambar ba ta wuce alƙaluma 15.

Mai harkar tafiye-tafiye: Injiniya, a yi hattara da Italiya. Can ba a cire sifilin layin gida, Rum +39 06 ce ko daga ina ake kira. Wanda ya cire, kiransa ya faɗi. Nijar kuwa ba ta da sifilin ma sam, +227 sai alƙaluma 8.

Injiniyan sadarwa: Gaskiyarki, Hajiya. Sai batun alamar +. Tana maye gurbin lambar fita daga ƙasa ne, ita kuwa ba iri ɗaya ba ce a ko'ina: yawancin ƙasashe 00, Amurka da Kanada 011, Ostireliya 0011. Wanda ya ajiye lamba da 00 ya sauka Amurka, ba za ta yi masa aiki ba. A ajiye da +, waya ta san abin da za ta yi.

Ma'aikacin cibiyar kira: Kar a ga +1 a ce Amurka ce kai tsaye. Kanada da ƙasashen Karibiyan da dama duk +1 ne. Alƙaluma uku na gaba su ke rarrabewa: 212 New York, 416 Toronto, 876 Jamaika. Masu damfara na amfani da wannan, su yi filashin su kashe, mutum ya mayar da kira a caje shi kuɗin wata ƙasa. Haka +7, Rasha da Kazakistan ne suka haɗa.

Mai ajiyar bayanai: Nawa daga kwamfuta ne. Manhajar Excel na ɗaukar lambar waya a matsayin lissafi, ya haɗiye sifilin farko, ya jefar da +, doguwar lamba kuma ya dunƙule ta ta koma wani abu mai E+12 a ƙarshe. A mayar da tsarin gurbin zuwa Text, wato rubutu zalla, kafin a zuba lambobin. Idan an riga an zuba, sifilin ya tafi, canja tsarin gurbin daga baya ba ya dawo da shi.

Mai harkar tafiye-tafiye: Akwai kuma tsoffin lambobi. Idan lambobi suka kusa ƙare wa ƙasa, sai ta ƙara tsawonsu. Kodebuwa ta tashi daga alƙaluma 8 zuwa 10 a 2021, Benin ta ƙara 01 a gaba a ƙarshen 2024. Duk lambar da aka ajiye kafin nan sai an gyara ta.

Mai gyaran waya: To, farkon lamba har yanzu yana nuna kamfanin layi?

Injiniyan sadarwa: Ba tabbas, Malam. Inda aka yarda mutum ya canja kamfani da lambarsa, kamar Najeriya tun 2013, farkon lamba yana nuna wanda ya fara sayar da layin ne kawai. Kafin a tura wa mutum kati, a tambaye shi kamfanin da yake kai yanzu.