Danny Wuerffel: zuciya ce ta kai shi unguwar Desire, ko rashin kasuwa a NFL?

Baban Amira: Jama'a, ni fa yabon da ake yi wa Danny Wuerffel ya yi mini yawa. Na yarda a jami'ar Florida babu kamarsa a ƙwallon Amurka: shi ne mai jefa ƙwallo, ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1996, suka lallasa Florida State da ci 52 da 20 suka zama zakarun ƙasa. Amma da ya shiga NFL, babbar gasar ƙwararru, bai taɓuka abin kirki ba. Daga Saints sai Packers, sai Bears, sai Washington, galibi a benci. Da ya samu kwantiragin miliyoyi, wallahi ba za a gan shi a unguwar talakawa ba.

Malam Habu: Kada ka rantse a kan abin da ke cikin zuciyar mutum. Tun yana Saints, wadda ta ɗauke shi a 1997, yake zuwa taimaka wa ƙungiyar Desire Street Ministries, mai hidima ga unguwar talakawa ta Desire a New Orleans. A lokacin wa ya san yadda wasansa zai ƙare?

Baban Amira: Malam, ziyarar ɗan wasa ai kowa na yi. A zo da kyamara, a rungumi yara, a tafi.

Anti Binta: Ƙanena, nan ne ka kuskure. Mai zuwa don kyamara ba ya zama bayan ambaliya. Mutumin nan ya ajiye wasa a 2004 ya koma aikin ƙungiyar gaba ɗaya. A watan Agustan 2005 guguwar Katrina ta zo, ruwa ya cinye gidansa, ya cinye ginin ƙungiyar. Ni na je yankin Ninth Ward, inda unguwar Desire take, bayan abin. Za ka ga layin laka a jikin bango sama da kanka, ga alamar X da masu ceto suka fesa a ƙofofi, tituna shiru. Mai suna irin nasa a Florida, aikin sharhin wasa ko koyarwa ba zai gagare shi ba. Amma ya tsaya neman kuɗi da matsuguni don makarantar yara maza ta ƙungiyar ta ci gaba, har ta koma Baton Rouge. A 2006 ya karɓi shugabancin ƙungiyar. Ko da cutar jijiyoyi ta Guillain-Barré ta kwantar da shi a 2011, da ya miƙe aikin ya koma.

Nura: Ni damuwata daban ce, Anti. Ƙungiyar ta Kirista ce, mahaifinsa ma limamin coci ne a rundunar sojin sama. Taimako ne ko wa'azi?

Malam Habu: Duka biyun, kuma ba su ɓoye ba. Mu ma da muke ciyar da marayu ai don Allah muke yi. Abin dubawa shi ne, yaran sun samu karatu ko ba su samu ba?

Baban Amira: Na ji batun Katrina, wannan kam ba wasa ba ne. Amma kyautar da aka sa wa sunansa tun 2005, wadda ake ba ɗan wasan jami'a mafi hidima ga jama'a, har yanzu tana damuna. Yaro zai iya yin alheri don kofi.

Anti Binta: Zai iya. Amma a ce yaro ɗan shekara 20, gari duk na kiran sunansa, ya ware yammacinsa ya zauna da ɗan makaranta suna haɗa baƙi, ni dai ba zan hana shi kofin ba. Ka kawo mini wanda ya karɓa ya watsar da aikin, sai mu yi maganarsa.