Hankali ke gani, ido gululu ne

Ɗan Adar: Salama gare ku. Ranar Lahadi a majami'armu nan Tawa wani dattijo ya kawo wannan karin magana cikin wa'azi. Ma'anarta ke nan abin da ka sa a rai shi kake gani?

Inna Mai Kaɗi: Ɗana, fara sanin gululu tukuna. Ɗan dunƙulen yumɓu ne da muke sa wa mazari don ya yi nauyi ya juya. Ga shi kewayayye da huda a tsakiya kamar ido, amma ba ya ganin ko zaren da ke kansa. Jeka Galmi wajen masu albasa. Kai tari kawai za ka gani, mai saye kuwa wuyan albasa yake dubawa, ya san wadda za ta ruɓe kafin Abijan.

Malamin Lahadi: Inna, na yarda, amma ina da ja. Maganar tana ɗaukaka hankali fiye da kima. Almajirai biyun nan na hanyar Imuwasu, a Luka 24, ai hankalinsu na jikinsu, zancen Yesu ma suke yi. Ya jera da su ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa. Shi ma hankalin yana makancewa.

Inna Mai Kaɗi: Malam, ai ka ƙarfafa ta ne. Hankalinsu na kan kabarin Yesu. Haka Hajaratu a Farawa 21:19, ruwan salka ya ƙare, ta ajiye yaro tana kuka, sai da Allah ya buɗe idanunta ta ga rijiya.

'Yar Yamai: Ku bar ni in faɗi nawa. Shekara biyu ina zama bayan wata baiwar Allah a sujada. Na san kalar kallabinta, na san ba ta bin waƙa daidai. Ban taɓa lura tana fita kafin a karɓi baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a majami'a, ba, kullum da zane ɗaya. Sai bayan rasuwar maigidana, da na fara ƙirga dala a bakin zane, na gan ta. Har yau abin na ci mini rai.

Malamin Lahadi: Allah ya ta'azantar da ke, 'yar'uwa. Matiyu 6:22 ya kira ido fitilar jiki, ayar da ta zo kafin ta kuwa zancen dukiya da zuciya take yi.

Ɗan Adar: To ana iya faɗa wa babba ita?

Inna Mai Kaɗi: A'a, ɗana, ba a jefa wa na gaba, raini ne. Ni jikata nake faɗa wa in ta tsallake tsintsiya tana neman ta. 'Yar Yamai, matar tana zuwa har yanzu?