Ta yaya kwamfutar da ke karanta intanet take tantance gaskiya?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na ji cewa akwai manhajojin da ake sakar wa intanet su yi ta karatu dare da rana, suna tara ilimi ba tare da malami ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda na'ura za ta bambance gaskiya da ƙarya, alhali shafukan da take karantawa cike suke da duka biyun.

Dattijon Lissafi:
Wa alaikumus salam. Fitacciya a cikinsu ita ce NELL, wadda Farfesa Tom Mitchell da abokan aikinsa suka kunna a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a watan Janairun 2010. Da farko an ba ta rukunoni kamar birane, kamfanoni da 'yan wasa, kowanne da 'yan misalai kaɗan. Idan ta lura cewa sunayen biranen da ta riga ta sani sukan biyo bayan kalmomin "magajin garin", sai ta ɗauki duk sabon sunan da ya zo a wannan gurbi a matsayin birni, sannan ta yi amfani da sababbin biranen wajen gano wasu salon jimloli. Kowane bayani tana ba shi maki gwargwadon yawan hanyoyin da suka goyi bayansa. Zuwa 2018 ta tara kimanin bayanai miliyan 120, amma ba dukansu ta amince da su sosai ba.

Malama Mai Bincike:
Malam ya yi bayani mai kyau, sai dai ina ganin tambayar ɗan'uwanmu tana nan daram. Makin nan yawan maimaitawa yake aunawa, kuma ƙaryar da shafi dubu suka kwafo daga wuri guda za ta zo mata da kamar shaidu dubu. Ga kuma matsalar kuskuren da ke haifar wani kuskuren. An san lokacin da NELL ta saka "cookies" na intanet, wato ƙananan bayanan da shafukan intanet ke ajiyewa a kwamfutar mai ziyara, cikin rukunin abincin da ake gasawa, domin a Turanci sunansu ɗaya da wani nau'in biskit, daga nan kuma ta fara jawo wasu kalmomin kwamfuta cikin wannan rukuni. Da abin dariya ya yi kama, amma sai da mutane suka sa hannu suka gyara.

Dattijon Lissafi:
Gaskiyarki, Malama. Shi ya sa aka gindaya mata sharuɗɗa, misali abu ɗaya ba zai zama birni kuma mutum ba, kuma masu binciken sukan duba abin da ta koyo lokaci-lokaci. Duk da haka, mu tuna cewa dogaro da mutane kaɗai yana da jinkiri: aikin Cyc, wani rumbun ilimi na kwamfuta da masanin kwamfuta Douglas Lenat ya fara a 1984, da hannu ake shigar masa da bayanai ɗaya bayan ɗaya, kuma ya ci shekaru masu yawa a haka.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai. To, idan gaskiyar da kanta ta canja, kamar shugaban kamfani ya sauka wani ya hau, tsohon bayanin da ya fi yawa a shafuka ba zai rinjayi sabon ba?