Saura mako 9 gudun Legas, ƙwaurina ya ƙi: in daure ko in tsaya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa yin gudun fanfalaki cikakke, na kilomita 42 da mita 195.

Shekaruna 37, ina zaune a Unguwar Dosa, ina da shagon yadi a babbar kasuwa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, suga da hawan jini ne suka kwantar da shi shekara huɗu, ni ne mai jinyarsa. Ranar da aka auna ni aka ce nawa jinin ma ya fara hawa, ban yi barci ba. A watan Nuwamban 2020 na tsaya bakin titi ina kallon gudun kilomita 21 da aka yi a nan Kaduna. Mutanen Kenya sun wuce kamar iska, amma ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Wani dattijo ne mai furfura da ya zo can baya, rigarsa sharkaf da gumi, yana jan ƙafa amma bai tsaya ba. Tun ranar nake cewa wata rana ni ma zan yi. Bara na fara sassarfa da gaske, bana kuma na yi rajistar gudun Legas na watan Fabrairu.

Bayan sallar asuba nake fita. In bi ta Kawo, in miƙe titin Ali Akilu, wani lokaci har Dandalin Murtala, in juyo. Da ina yin kamar kilomita 35 a mako. Da na ga lokaci ya matso sai na tsorata, cikin mako uku na mayar da shi 60. Dogon gudun Lahadi kuma daga 18 na yi tsalle zuwa 27.

Yanzu ga abin da ya same ni. Ƙwaurina na hagu, ta ciki, kamar yatsu huɗu sama da idon sawu. Da farko in na fara gudu yake ciwo, in jiki ya ɗumama ya saki. Kwana goma ke nan ya daina saki. Jiya da nake hawa tsani in ɗauko wa wata mata atamfa, sai da na riƙe katako. Da dare ma ina jin yana zogi. Wani yaron kemis ya ba ni diclofenac, ina haɗiya ɗaya kafin in fita, da shi nake iya gama gudun. Ga gajiya wadda ban san irinta ba: in kwanta a gajiye, barcin ya ƙi zuwa, in tashi ƙafafu kamar an ɗaura musu bulo. Maiɗakina ta ce na rame, na kuma zama mai saurin fushi da yara.

Na san gudun fanfalaki dauriya ne. Abin da ban sani ba shi ne, wannan ciwon yana cikin abin da ake daurewa, ko kuwa kaina nake cuta? Na biya kuɗin rajista, na gaya wa kowa a layinmu. Don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Wani tsohon soja daga Mando:

Wa alaikumus salam ƙanena. Wuya ba ta kisa. Mu da aka horar da kaya a baya, ƙafa ta kumbura ta sace, ba wanda ya tambaye ka ko kana jin ciwo. Jiki in ka lallaɓa shi lalacewa yake yi. Ka gasa wurin da ruwan zafi, ka shafa man zafi, ka fita. Saura mako 9 ba lokacin kwanciya ba ne.

Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi daga Barnawa:

Baba, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. A wurin horon soja ma wannan ciwon sananne ne, sababbin kurata da yawa yana kama su saboda yawan tattaki, kuma ba dauriya ke warkar da shi ba.

Malam, ciwon mai gudu iri biyu ne, kuma ka riga ka bayyana na biyun da bakinka. Na farko tsamin jiki ne: cinyoyi biyu da sharaɓa su yi tsami bayan gudu mai wuya, ya fi tsanani a kwana na biyu, zuwa kwana uku ko huɗu ya tafi. Yana kama ɓangare biyu, yana da faɗi, ba ka iya nuna shi da yatsa ɗaya. Wannan a daure masa. Akwai kuma ciwon gefen ƙwauri da ke bin tsawon ƙashin, wanda in an ɗumama yake sauƙi. Da shi ka fara, kuma da ka rage gudu a lokacin da tuni an wuce wurin.

Na biyun shi ne wanda ya tattaru wuri guda, yana ƙaruwa in kana gudu, yana bin ka har shago, har shimfiɗa. Ka gwada yanzu: sa ɗan yatsa ka danna kan ƙashin daidai wurin. In akwai wani ɗan gurbi da bai wuce faɗin kwabo ba wanda in ka taɓa sai ka zabura, sannan in ka yi tsalle da ƙafar ita kaɗai ya soke ka, to abin da muke tsoro shi ne tsagewar ƙashi ta gajiya. Ƙashi abu ne mai rai. Duk sawun da ka buga a kwalta yana yi masa 'yar illa, a lokacin hutu yake gyara kansa ya ƙara ƙarfi. Numfashi da tsoka suna saurin sabawa da sabon nauyi, ƙashi kuwa yana ɗaukar watanni. Kai ka kusan ninka aikinsa cikin mako uku, sannan ka wuni a tsaye a shago. Yaushe zai gyaru?

Ka ajiye gudu daga yau, ka je asibiti a duba ka. Ka sani cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewar a makonni biyu ko uku na farko, don haka in aka ce hoto bai nuna komai ba, kada ka ɗauka an sallame ka. Hoton MRI, wato na na'urar maganaɗisu mai leƙa cikin jiki, shi ne ke ganinta da wuri. In tsagewar ce, yawanci mako 6 zuwa 8 ake yi ba gudu, wani wurin ma fiye. In aka ci gaba da dukanta tana iya zama karaya sosai. Kuma kada ka kai wa mai ɗori ya murza, ba targaɗe ba ne.

Maganar ƙwaya ta fi tayar mini da hankali. Diclofenac da ibuprofen ba sa gyara komai, bakin ciwon kawai suke toshewa. Sannan in mutum yana dogon gudu, gumi ya kwashe ruwan jikinsa, jinin da ke zuwa ƙoda yana raguwa, waɗannan magunguna kuma suna ƙara rage shi. Ga ka da hawan jini, wanda su ma suna iya ɗaga shi. Ka daina, ka kuma gaya wa likita tsawon kwanakin da ka yi kana sha. Duk ranar da ka ga fitsarinka ya yi duhu kamar ruwan shayi mai kauri bayan gudu, kada ka jira gari ya waye.

Mai tambaya:

Hajiya na gwada. Wurin yana nan, yatsa ɗaya ya rufe shi. Tsallen sau biyu na iya, na uku sai da na zauna. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Wani malamin makaranta daga Malali:

Ɗan'uwa, na gama na Legas sau biyu, bari in gaya maka abin da ke jiran mutum a can, don ka san inda ake ajiye dauriyar.

Tun 2016 ake yin wannan gudu, ba kuma bana zai ƙare ba. Mu 'yan Arewa abin da ke fara kayar da mu iska ce. Kana atisaye a hunturu, sanyin asuba da busasshiyar iska, gumi na fita yana bushewa. Legas kuwa iskar jiƙe take, gumin ba ya bushewa, riga ta manne, zafi ya taru a jiki tun rana ba ta ɗaga ba. A karo na farko na yi kilomita 25 ina jin daɗi, har ina wuce mutane. Wajen 31 sai ƙafafuna suka mutu. Ba ciwo ba ne irin naka, ƙarfin ne ya ƙare tas. Sukarin da jiki ke tarawa a tsoka da hanta iyakarsa ke nan, wajen kilomita 30 zuwa 35 yake ƙarewa in ba ka ci komai a hanya ba. Na tuna ina kallon sandar fitila guda, in ce in na kai can zan tsaya, in na kai in zaɓi ta gaba. Bakina ya yi ɗaci, fuskata duk farin gishiri, ina salati a zuci ina ƙirga sawu. Wannan ita ce wuyar da ake daurewa, kuma wanda ya zo da lafiyayyar ƙafa ma sai ya ji a jikinsa. Mai tsagaggen ƙashi ba zai kai wurin ba.

A karo na biyu na gyara abubuwa. Na daina ƙara wa mako fiye da kashi 10 cikin 100 a kan na baya, kowane mako na huɗu kuma in rage. Yawancin guduna na mayar da shi a hankali, yadda zan iya hira da na kusa da ni ba haki. Da ina jin kunyar haka a titin Independence, in ga yara suna wuce ni. Amma Eliud Kipchoge, wanda ya yi wannan nisa cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019, shi ma mafi yawan atisayensa ba da gudun tsere yake yi ba. Dogon guduna na ƙarshe bai wuce kilomita 32 ba, mako uku kafin ranar, daga nan sai ragewa. Kuma ina fita da dabino a aljihu, duk bayan minti 40 in ci biyu ko uku in kora da ruwa.

Shawarata: ka ba wa Fabrairu mai zuwa baya tun yanzu a zuciyarka. In likita ya ce ba tsagewa ba ce, sai a sake lissafi, wataƙila ka koma gajeren zango. Kuɗin rajista ya tafi, na sani, da zafi. Mutanen layinku kuwa kwana biyu za su yi maganar.

Wata uwa mai gudu daga Unguwar Rimi:

Kowa ya tsaya kan ƙafa, ni gajiyar nake kallo. Rashin barci, rama, saurin fushi, duk alamar jiki ne da ake caja ba a biyansa. Me kake ci in ka dawo? In shayi da burodi ne ka ruga shago sai azahar, ba zai ɗauke ka ba, kuma ƙarancin abinci shi kansa yana raunana ƙashi. Ni in na dawo, kunun gyaɗa da ƙosai ko ƙwai biyu, da rana shinkafa da wake ko dankalin Hausa, da nono in an samu. In kana azumin Litinin da Alhamis, kada ka haɗa su da gudu mai wuya. Tunda za ka asibiti, ka roƙa a duba maka yawan jini da zazzaɓin cizon sauro. Ni na yi wata biyu ina zargin kaina da lalaci, ashe jinina ne ya yi ƙasa. In ba ka san rukunin jininka na sikila ba, ka sani. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon, yana gudu lafiya, amma dole ya kiyayi matsa wa kai a zafi da ƙishirwa.

Wani matashi daga Tudun Wada:

Yaya, takalmin fa? Ko sabo ne, bayan kilomita 500 zuwa 800 sosonsa ya mutu. In na gwanjo ne, ba ka san nisan da mai shi na farko ya ci ba. Ka kife shi ka duba dunduniyar. Kuma in ka warke ka riƙa haɗawa da turɓaya ko ciyawar fili, ba kullum kwalta ba.

Tsohon sojan daga Mando:

'Yata, na karanta bayaninki, na janye maganata. Kin tuna mini da wani abokin horonmu da ya yi ta ɗingishi muna ce masa rago, har ranar da ƙafar ta karye a fareti. Ƙanena, ka je asibitin. Amma kada ka bar tashin asuba, don shi ne ke da wuyar dawowa in ya kuɓuce.

Mai tambaya:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na je yau. Likita ya danna wurin, ya sa na taka, ya ce alamun tsagewar gajiya ce. Hoton farko bai nuna komai ba, kamar yadda Hajiya ta faɗa, an ce in dawo bayan mako biyu a sake. Ya hana ni gudu mako 6 tukuna, ya karɓe ƙwayar, ya ce in samu kujera a shago in bar wa yaro hawa tsani. An kuma ce ina da ɗan ƙarancin jini, an ba ni magani. Na kife takalmin, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe guda har farin soson ya fito.

Ba zan ɓoye muku ba, da na fito na zauna a kan benci na yi shiru, idona ya kawo ruwa. Mahaifina nake tunawa. Da yamma na gaya wa maiɗakina ba zan je Legas bana ba, ta ce dama addu'ar da take yi ke nan tun da ta ga ina riƙe bango in zan sauka daga gado.

Likitan ya ce in ciwon tafiya ya ɗauke zan iya hawa keke don kada numfashina ya koma baya. Malam na Malali, in ba damuwa, ka rubuto mini yadda ka tsara makonninka na karo na biyu, in ajiye. Kuma akwai wanda ke hawa keke da asuba ta wajen Kawo, in riƙa bin sa?