Fankar esi ta ƙi yin aiki sai a lamba ta ƙarshe, ina matsalar take?

Baban Khalifa:
Salam jama'a, dan Allah masu sanin mota a taimaka min. Corolla 2006 ce, wajen sati biyu kenan in na murɗa fankar esi zuwa 1 ko 2 ko 3 shiru kake ji, sai na kai ta ta ƙarshe sannan ta taso da ƙarfi kamar za ta cire min hula, ga ƙara ko rediyo ba ka ji. Sanyin yana nan fa lafiya lau. Hita ma haka take yi, da asuba in zan kai yara makaranta ko dai mu sha sanyi ko iska ta dinga dukanmu a fuska. Na kai wa wani mai gyara ko buɗewa bai yi ba ya ce gas ne ya yi ƙasa kuma sai an canja fankar gaba ɗaya, ni dai hankalina bai kwanta ba shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna.

Oga Riwaya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka ba da ko sisi a kan gas, ina ruwan gas da gudun fanka, ai da gas ne iska za ta fito a kowace lamba sai dai ba sanyi. Abin da ka faɗa ɗin nan kusan kullum rizisto ne. Wani ɗan ƙaramin abu ne da yake rage wutar da ke zuwa wa fanka don ta yi gudu a hankali, 1 da 2 da 3 duk ta cikinsa wuta take bi, ita kuwa ta ƙarshe kai tsaye take tafiya ba ruwanta da shi, shi ya sa in ya ƙone ita kaɗai take saura. Kuma tunda fankar tana juyawa ka ga fis da rile (ɗan makunnin da ke sakar wa fanka wuta) ba su mutu ba kenan.

Yana nan ƙarƙashin akwatin nan na gaban fasinja, ka durƙusa da tocila wajen da ake ajiye ƙafa za ka ga fankar zagaye, kusa da ita akwai soket da sukuru biyu, shi ne. Amma abin da yawancin yaranmu ba sa yi shi ne tambayar me ya ƙona shi. A cikin hanyar iska aka dasa shi da gangan don iskar fankar ta dinga huce shi. In filtar cikin mota ta toshe da ƙura iska ta ragu, sai ya yi ta zafi har ɗan fis ɗin da ke jikinsa ya yanke. Ko kuma ita fankar ta tsufa ta yi tauri tana jan wuta fiye da ƙima. In ba a duba waɗannan ba ka sa sabo, wata ɗaya biyu ka dawo, kai ta zagin mai kaya alhali ba laifinsa ba ne. Ka sa a kwance fankar, sukuru uku ne kawai, a juya ta da hannu, in tana tafiya sumul to alhamdulillah.

Ɗan Panteka:
Oga ya gama magana. Ƙari ɗaya, kar ka yarda wani ya ce zai haɗa maka da waya ya tsallake wannan ɗan fis ɗin, ko ya sa fis mai lamba sama da wadda aka rubuta. Ni an min haka a tsohuwar motata, ina cikin go-slow na fara jin ƙaurin roba, da aka buɗe soket ɗin ya narke ya manne. Allah ne ya kiyaye wlh.

Maman Iman:
Ni tawa daban ce, gaba ɗaya take ɗaukewa sai na ɗan doki ƙasan dashbod da hannu ko na faɗa rami sannan ta tashi. Ita ma rizisto ɗin ne?

Oga Riwaya:
A'a Hajiya, taki ko dai kabon ɗin cikin fankar (ɗan abin da ke goga yana kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa) ne ya cinye ko soket ya saki. A sa mita a soket ɗin lokacin da ta ɗauke, in volt 12 yana zuwa kuma wayar at (wato ta negatif) lafiya amma ba ta juya ba, fankar ce. Ana iya canja kabon in cikin bai zaizaye ba, in ya zaizaye ki nemi ta Beljiyom, amma a gwada miki ita da batir a gabanki kafin ki biya.

Baban Khalifa:
Oga Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Yau na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na samo rizisto, muka sa, duk lambobin huɗu sun dawo. Filtar kuwa da aka zaro ta kunya ta kama ni, ta koma ja kamar bulon ƙasa, tunda na sayi motar ban san ma akwai ta ba. A cikin fankar har ɓawon gyaɗa da yagaggiyar leda muka samu, yaron ya ce aikin ɓera ne. Yanzu dai saura in gano ta ina yake shiga.